Littafin Auta: yadda za ki haɗa shi da hannunki daga kwali da ƙyalle

A gidanmu da ke Rusaifa, nan Makka, kafin ƙarfe bakwai na safe yayyen duk sun saɓa jaka sun fice makaranta. Wanda ake bari tsaye a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, shi ne Auta. Amsar da yake samu kullum ɗaya ce: "Bari sai ka girma." Da ita ake hana shi bin Yaya zuwa baƙala, wato shagon unguwa, sayo burodin tamis, da ita ake karɓe remot daga hannunsa, da ita ake fitar da shi daga ƙwallon da ake bugawa a lungu.

Mu Hausawa mun ɗauka auta ɗan gata ne, kuma da gaskiyarmu. Ɗan fari ana kunyarsa, wata uwar ko sunansa ba ta kira, auta kuwa shalele ne, ana goya shi har ƙafafunsa su fara jan ƙasa. Sai dai gatan nan yana rufe mana ido daga ɗaya ɓangaren: shi ake aike, shi ke sa kwancen yayye, shi ne hannunsa ba ya kai kwano, kuma duk abin da ya koya yau wani ya riga shi iyawa tun bara. Na zagaya maktabobi, wato shagunan littattafai, har da babban shagon Jarir, na ga littattafan yara masu marfi da ake ɗagawa da abin ja, na Larabci da na Turanci, kyawawa ƙwarai. Ban ci karo da na Hausa ba, kuma ban ga wanda ya yi kama da gidanmu ba. Shi ya sa na zauna na haɗa nawa, ga kuma yadda aka yi, har da wuraren da na yi kuskure na sake.

Fara da sauraro, kada ki fara da almakashi

Ki ɗauki kwana uku ko huɗu kina lura da yaron. Duk lokacin da ƙanƙantarsa ta hana shi wani abu, ki rubuta a waya ko a bayan takarda, da kalmomin da aka faɗa masa da waɗanda ya mayar. Haka nan ki lura da lokacin da ƙanƙantar ta yi rana: ranar da ya kutsa ƙarƙashin gado ya ciro ɗan kunnenki, ko ranar da ya ɓuya a kwandon wanki aka rasa shi a wasan ɓuya. Na biyun ya fi wuyar gani, domin ba ma yi masa kirari in ya faru, amma shi ne ƙashin bayan littafin.

Abin da nake so ki riƙe shi ne wannan: kada littafin ya ƙare da alkawarin cewa wata rana zai girma. Ya riga ya ji wannan har ya gaji. Ɗan shekara uku bai san "wata rana" ba, yau ya sani. Littafin ya nuna masa abu ɗaya da shi kaɗai zai iya yi a yanzu, saboda shi ne ƙarami, kuma hannunsa na zahiri ne zai yi abin a kan takarda. Wannan ne amfanin littafi mai motsi a kan wanda ake kallo kawai.

Kakanninmu sun san haka. A tatsuniyar Ɗan Auta, yadda Hajiyarmu ta ba mu ita, iyaye sun bar wasiyya kada a bar shi ya yi kuka, ya yi ta ɓarna yayarsa na haƙuri, amma a ƙarshe shi ne ya kashe Dodon da ya gagari gari, ya bar takalminsa a wurin. Sarki ya sa aka yi ta gwada wa manya takalmin, bai shiga ƙafar kowa ba sai ta Auta. Ban ɗauko ƙona rumbu da sauran ɓarnar ba, amma takalmin nan na ɗauko, da shi na buɗe littafina.

Tsara shafuka shida

Shida sun isa ɗan shekara biyu zuwa biyar. Ki ninke farar takarda ki zana kowane shafi da fensir, zanen kaza ma ya wadatar, don ki ga tafiyar labarin kafin ki taɓa kwali mai kyau. Ga yadda nawa ya tafi, ki sauya da abin da kika tattara a gidanki.

Shafin farko takalma ne jere a bakin ƙofa, daga na Abba har zuwa mafi ƙanƙanta, kowanne a ƙarƙashin marfi. Rubutun: "Na wane ne wannan?" Na biyu ƙofa ce da yaron zai rufe da kansa bayan yayye sun fita, a rubuta "Garam! Sun tafi, sun bar Auta." Kada ki yi saurin lallashi a nan, ki bar shafin da ɓacin ransa, yaron yana so ya ga an san abin yana da ciwo. Na uku jallabiyar Yaya ce da aka ba shi kwance, hannun riga na ƙyalle na gaske yana reto, shi zai naɗe. Na huɗu sufura ce, shimfiɗar cin abinci, an shimfiɗa, ful (dafaffen wake) da tamis a can tsakiya, hannun Auta bai kai ba, sai yaron ya ja wani harshe na kwali kwanon ya matso. Na biyar shi ne zuciyar littafin: carbin Hajiya ya faɗa bayan kujera, hannun Abba bai shiga ba, na Umma bai shiga ba, na Yaya ma haka. Na shida madubi ne, a ƙasansa an rubuta "Wa ya ciro wa Hajiya carbinta?"

Kowane shafi jimla ɗaya ko biyu, kada ta wuce abin da za ki faɗa da numfashi ɗaya. Ki samo layi guda da zai riƙa dawowa, kamar "Auta ƙarami ne, amma yana nan," domin da an karanta sau uku yaron zai riga ki faɗa. Ki kuma cika shi da kalmomin nan namu masu kwaikwayon motsi: wuf, caraf, sulul, garam, ƙwas-ƙwas. Yaranmu na nan sun fi saurin amsawa da Larabci, ka ce "zo ka ci abinci" ya ce maka "ma abga", wato "ba na so". Amma ban taɓa ganin yaron da aka ce masa "caraf!" yana cafke abu bai maimaita ba. Ta nan Hausar ke shiga bakinsu ba tare da an yi faɗa ba.

Ta ina littafin zai buɗe

Wannan tambaya ce da 'yan'uwanmu na Kano ko Damagaram ba sa yi, mu kuwa dole ce. Yaron da ya tashi yana ganin Alƙur'ani da littattafan rauda (makarantar ƙananan yara) na yayyensa, hannunsa ya saba buɗewa daga dama. Hausar boko kuma daga hagu take tafiya. Ki yanke shawara tun yanzu, domin jeren takalma, inda ƙofa ke fuskanta da inda ake jan harshen kwali duk bin hanyar karatu suke yi. In da boko za ki rubuta, babban takalmi ya fara daga hagu, ƙaramin ya ƙare a dama, kusa da inda yatsa zai juya shafi. In kin iya ajami, ko Hajiya ce za ta riƙa karanta masa kuma ajamin ta sani, ki juya komai. Ni boko na zaɓa, na rubuta da hannu da baƙar maka, na kula da lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, don kada yayyen su karanta masa "kofa" a maimakon ƙofa. Ban haɗa da fassarar Larabci ba, kuma ina ba ki shawarar kada ki haɗa: in tana nan, ita yayyen za su karanta.

Batun zanen fuska

Gidaje sun bambanta a kan zana mai rai, malamai ma sun yi magana mai faɗi a kan kayan wasan yara, har ana kawo hadisin 'yan tsanan Nana A'isha. Ki bi abin da hankalinki da na maigida ya kwanta a kai. Abin da zan ce kawai, littafin da na tsara a sama ba ya buƙatar fuska ko ɗaya. Takalma ne, ƙofa, riga, kwano, hannaye. Hannayen ma ba zana su za ki yi da ka ba: kowa a gidan ya ɗora tafinsa a kan kwali ki bi gefensa da fensir, ki yanke. Yaron zai ɗora nasa a kan na Abba ya ga bambanci, ya ɗora a kan nasa ya ga ya dace cif. Fuska ɗaya tak ke cikin littafin, tasa ce, a madubi.

Kayan aiki

Kwali mai kauri girman A4 guda takwas, shida na shafuka biyu na marafai da abin ja. Duk wata maktabar unguwa tana da shi, shagunan abu riyalen, masu kayan arha, ma haka. Farin gam na ruwa, almakashi, reza mai kube, rula, fensir, maka, salatif mai faɗi, biro da tawadarsa ta ƙare. Bango kuma kwalin madara ko na takalmi ya isa. Ƙyallaye ki roƙa wurin tela, ragowar atamfa da shadda da farin yadin jallabiya, in kuwa akwai tsohuwar rigar Yaya da kowa ya sani, ita ta fi, domin yaron zai gane ta.

Kada ki yi amfani da gam ɗin nan da ake narkawa da bindiga. Zafin Makka yana wuce digiri 40 a bazara, littafin farko da na yi da shi mun manta shi a mota, muka dawo marafan sun zame.

A nan zan tsaya in ja kunne, domin abin ba na wasa ba ne. Ga yaron da bai kai shekara uku ba, duk abin da zai iya ɓallewa ya shiga baki haɗari ne. Masu gwada kayan wasa suna amfani da wani ɗan bututu mai faɗin santimita 3.17, abin da ya shige ciki gaba ɗaya ba a yarda da shi ga waɗannan yara ba. A gida ki gwada da kwalin tsakiyar tishu, ya ɗan fi wancan faɗi, duk abin da ya wuce ta cikinsa ki ajiye shi. Ke nan babu maɓalli, babu duwatsun ado, babu ƙwayar carbi ta gaske, carbin Hajiya zane ne a kan kwali mai faɗi. Babu maganaɗisu. Kada ki ciro abin sauti daga tsohon kati ki liƙa, ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo in yaro ya haɗiye yana iya ƙona maƙoshinsa cikin awa biyu. Zare kuma kada ya wuce santimita 15.

Haɗa shafukan

Ki ɗauki kwali ɗaya, ki auna tsakiyar dogon gefen, ki ɗora rula ki ja layi da mataccen biron nan kina dannawa. Wannan zanen ne ke sa kwali ya ninku sumul ba tare da ya tsage ba. Ki ninke, za ki samu shafi mai faɗin kusan santimita 15 da tsawon 21. Cikin ninkin shi ne inda hoto zai zauna, bayan kuma shi za a manne da bayan na gaba. Ki yi haka sau shida, ki sa lamba da fensir a baya, amma kada ki manne su tukuna. Duk wani abin motsi sai an gama shi, an gwada, sannan a rufe bayansa.

Marfi shi ne mafi sauƙi. Ki yanke kwali murabba'i da bai gaza santimita 5 ba, ki gutsure rabin da'ira a gefen da za a kama don ɗan yatsa ya samu mashiga. Kada ki dogara da ninkin kwalin a matsayin mahaɗa, kwana biyu zai yage. Ki yanko siririn ƙyalle, ki manne rabinsa a marfin rabi a shafin, ta ciki da ta waje. Ƙofar shafi na biyu ma haka, sai dai babba, kuma ki ninka kwalinta biyu don ta yi ƙara in an rufe.

Hannun riga: ki manne jikin jallabiyar gaba ɗaya a shafin, ki bar hannayen suna lilo har su wuce gefen takarda. Ki kalmashe bakinsu da allura don kada zare ya riƙa fita.

Abin ja shi ne ya fi ba ni wahala, sai a karo na uku ya yi. Ki yanke doguwar taga a kan zanen sufurar, tsawon santimita 9, faɗin 3. Ki yanko harshe na kwali mai faɗin santimita 4, tsawonsa kamar 20, ki ninka shi biyu da gam don ya yi ƙarfi, ki zana kwanon ful a kansa daidai inda zai leƙo ta ƙarshen tagar da ke nesa da hannun Auta. Ki kwantar da shi a bayan shafin, kansa ya leƙo ta gefen littafin da santimita 2, ki rage abin da ya yi yawa ta ciki don kada ya kai ninkin. Sai ki yi masa ɗamara biyu: siraran kwali da za su gitta ta kansa, a manne bakunansu kawai, sama da ƙasa, harshen yana zamewa a ƙarƙashinsu. Ɗaya kusa da gefen littafin, ɗaya a wajen tsakiyar tagar. A can ƙarshen harshen na ciki ki manne wani guntu a gicciye wanda ya fi ɗamarar tsawo, shi zai tokare in an ja, ya hana harshen fita gaba ɗaya. Kuskurena na farko matse ɗamarar da na yi. Ki bar sarari kamar kaurin kwali biyu, in yana cijewa ki goga kyandir a gefen harshen. Ki ja sau ashirin da ƙarfi irin na yaro kafin ki yarda da shi.

Yanzu aljihun carbi, wanda saboda shi aka yi littafin. Ki zana kujera a wani kwali daban, babba, ki yanke. Ki auna faɗin yatsun yaron huɗu a haɗe, ki ƙara rabin santimita, wannan ne faɗin bakin aljihun. Ki manne kujerar a shafin ta kowane gefe, ban da wannan ɗan bakin a sama. Don aljihun ya samu ciki, ki fara jera siraran kwali biyu ko uku a ƙarƙashin gefunan kafin ki ɗora kujerar. Carbin ki zana a kwali mai tsawo, ki rufe da salatif gaba da baya, ki huda, ki ɗaure da zare mai kauri, ɗaya bakin zaren ki fitar ta bayan shafin ki ƙulle ki danne da salatif. Hannayen Abba da Umma da Yaya da kika yanke ki jera su a ɗaya ɓangaren, kowanne da rubutu: "Bai shiga ba." Ranar da aka fara karantawa, a ba kowa ya gwada da tafinsa duka, a ga ya ƙi, sannan a juyo a ce, "To wa ya rage?" Namu ya zura yatsu ya jawo carbin, ya diro daga cinyata da littafin gaba ɗaya ya kai wa Hajiya ɗaki. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Allah ya yi maka albarka, maigidana," kamar yadda take kiransa.

Madubi kada ya zama gilashi. Akwai na roba mai laushi da ake samu a wasu maktabobi, in babu, cikin ledar cips mai sheƙi ya isa: a wanke, a shanya, a miƙe a kan kwali, a yi masa firam na kwali a sama don gefensa ya ɓuya.

Ɗaurewa

Ki shafa gam a bayan rabin dama na shafi na ɗaya, ki ɗora bayan rabin hagu na shafi na biyu a kai, ninkin duka suna fuskantar gefe guda. Haka har na shida. Inda akwai abin ja, gam ya tsaya a gefuna kawai, nesa da hanyar harshen. Gam kaɗan, a baje da guntun kwali, in ya yi yawa shafin zai kumbura. Ki sa leda tsakanin shafuka, ki ɗora buhun shinkafa a kai ya kwana. 'Yan Jidda ku ƙara masa yini, damshin teku yana jinkirta bushewa. Da safe ki manne bango gaba da baya, ki rufe ƙashin bayan da atamfa mai faɗin santimita 6. Kusurwoyi masu tsini ki ɗora kwabon riyal ɗaya ki zagaye da fensir ki yanke. A bangon ki rubuta sunan yaron da manyan baƙaƙe, na yanka, tare da Auta.

Yadda za a karanta

Ki fara da "Ga ta nan, ga ta nanku," ki koya masa ya amsa "Ta zo mu ji ta." Daga nan hannunki ya koma riƙe littafi kawai, ɗaga marfi da ja da zura yatsa duk nasa ne, ko da zai ɗauki minti guda yana fama. Ki riƙa tambaya fiye da yadda kike karantawa: takalmin wa ya fi girma, ina suka tafi, me Auta ya ji da aka rufe ƙofa. In ya amsa da kalma ɗaya ki maimaita ki ƙara masa biyu, in ya amsa da Larabci ki ce "haka ne" ki mayar masa da Hausa ba tare da gyara ba. Wani masanin halayyar yara a Amurka, Grover Whitehurst, shi da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 1988 da ya nuna yaran da iyayensu ke karanta musu da irin wannan tambaya da amsa sun fi saurin buɗe baki da kalmomi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana gaban waya ko talabijin, ta kuma ƙarfafa karatu da ba da labari. Mu da zafi ke kulle mu a ɗaki da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, watanni, mun san yadda awa ɗayan nan ke zama biyar.

Yayyen ki jawo su tun daga yankan kwali, in ba haka ba za su mayar da littafin abin tsokana. Wanda ya yi zanen takalma ba zai yi wa littafin dariya ba. Ki ba babbar cikinsu aikin karanta masa bayan la'asar ranar Juma'a ko Asabar da babu makaranta, da sharaɗi guda: ba ta taɓa marfi.

Marafan za su yage, wannan tabbas ne. Ki ajiye ragowar kwali da ƙyalle a leda ɗaya, in abu ya ɓalle ku gyara tare a gabansa, shi ya riƙe ke ki shafa gam. In kuma Allah ya kawo ƙane ko ƙanwa, sarautar auta ta tashi daga kansa, kada ki ɓoye littafin. Ki yanko wani ɗan mitsitsin takalmi, ki ba shi ya manna da hannunsa a ƙarshen jeren na shafin farko, kusa da nasa, ki yi masa marfi irin na sauran.